Gajimare Mai Kama da Takalmi

Da safe aka tsinci babur ɗin mai gadin daji a bakin rafi, jini a kan sirdi, shi kuwa ko sama ko ƙasa. Ƙanwarsa, wadda 'yan ofishinsu na kula da gandun daji ke kira Tabarau, tana gaban kwamfuta Sufeton 'yan sanda ya shigo da labarin.

Aikinta duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka duk kwana biyar, a ga inda daji ya ragu. Idon na'urar na nuna ganye mai rai ja jawur, ƙasar da aka share kuma fara. Mako uku yayanta na rantsuwa ana sare itatuwa a gabas, tana masa dariya, don hoto ja ne ko'ina.

"Dajin ya fi ƙarfin ƙafa," in ji Sufeto. "In yana da rai, lokaci na ƙurewa. Ina zan nufa?"

Ta buɗe hoton jiya, ta matso da gabas. Ga wani ɗan gajimare mai kama da takalmi. Ta buɗe na makon jiya, yana nan daram, har inuwarsa.

"Gajimare ba ya kwana biyar a tsaye," ta ce. "Tsohon hoto aka yanko aka liƙa."

Mutum uku ke taɓa hoto kafin ya iso gare ta. Sufeto ya kira su ɗaya-ɗaya.

Shugaban ofis ya ce, "Sa hannu kawai nake, ko buɗe su ban iya ba." Kowa ya shaida hakan, har da matarsa ma in an tambaye ta.

Mai sauke hotuna ta ce, "Watana huɗu da zuwa. Tsofaffin hotuna ba sa wurina."

Sai Kawu, dattijon da ya koya wa Tabarau aiki. Ya zauna kusa da ita, ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Na'ura ce ta yi kuskure."

Tabarau ta kasa kallonsa.

"Kawu, ranar da na fara aiki, da wane hoto ka koya min?"

Ta nuna masa gajimaren da yatsa.

"Cewa ka yi wani ya manta takalminsa a sama, muka yi dariya. Hoton tsohon tauraro ne, ɗigonsa manya-manya, dubi yadda suka bambanta da na gefensu. Faifan da hoton ke ciki kuwa a aljihun teburinka yake, makulli a wuyanka."

Kawu ya dafe kai. "Masu saran sun ce tsorata yayanki kawai za su yi."

Aka sake sauko da hoton na asali. A gabas ga fili fari fat, da rufin kwano a tsakiya.

Kafin la'asar ita da su Sufeto suka ɓalle ƙofar rumfar kwanon. Yayan na ɗaure, kai a fashe, amma yana numfashi. Ya buɗe ido da ƙyar, ya gan ta.

"Yanzu kin yarda?"

Ta durƙusa tana kuka, ta ce, "Na yarda, Yaya."