Shirun da Almakashi Ya Yanke

Ranar da Auta ta fara ganinsa, a kan wayarta ya tsaya. Ba wayar hannu ba, wayar makirfo, doguwar baƙar nan da ta shimfiɗa daga teburin sauti zuwa gaban kujerar Babanta. Ya ɗora mata wani ƙaton takalmi, fitila a hannu, kyamara a wuya, yana ta zuba kamar kanya.

"Malam, ɗaga ƙafarka."

"Yi haƙuri ƙanwata, ina soket?"

"Ni ba ni da yaya mai taka kayan mutane. Ɗaga na ce."

Ya ɗaga, ya dube ta ya yi murmushi. Ta lura yana da 'yar wushirya, sai ta ji haushin kanta da ta lura.

Baban Auta ne ke gabatar da shirin safe a gidan rediyon tun kafin a haife ta, ita kuma ta girma ta zama mai kula da sautinsa. Shi kuwa wannan mai takalmin, irin samarin nan ne masu tasharsu a intanet, ba ofis ba shugaba, sai waya da mabiya. Ya zo ne ya yi hira da Baba a kan yadda mutane suka bar rediyo suka koma kallon waya.

Aka fara hira. Auta tana bayan gilashi da hedifon a kunne, tana hararar ƙeyarsa. Can ya jefo tambaya: "Baba, mu yaran da muke shirye-shirye a waya, me za ka ce a kanmu?"

"Yaran nan ba su san komai ba," in ji Baba.

Sai ya yi shiru. Duk wanda ya san Baba ya san shirunsa, yakan ajiye rabin magana ya tafi ɗauko sauran. Saurayin kuwa har ya sunkuya yana duba batirin kyamararsa lokacin da Baba ya ƙarasa a hankali.

"Ba su san komai ba game da tsoron da muka sha. Mu sai an ba mu izini muke buɗe baki. Su kuwa sun tarar da ƙofa a buɗe, kuma sun shiga da ƙarfinsu. Wallahi suna burge ni."

Da aka tashi, ashe makirfon saurayin bai ɗauki komai ba sai ƙarar fanka. Dole ya dawo wurin Auta da 'yar murya yana roƙon sautin da ta naɗa. Ta ja masa rai son ranta kafin ta karɓi lambarsa.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Na gode, Sarauniyar Sauti. Kin ceci maraya."

"Sunana ba sarauniya ba. Ka sayi makirfo na kirki."

"Zan saya in za ki raka ni. Ke kin san mai kyau."

"Na san mai kyau, shi ya sa ba zan raka ka ba."

Ta ajiye wayar tana tsaki. Ta sake ɗauka ta duba ko ya amsa.

Haka aka yi ta yi. Ta leƙa tasharsa don ta samo abin zagi, ta ga yadda yake datse maganar mutane, ba numfashi ba tsayawa, kalma na bin kalma kamar ana kora su. Nan ta raɗa masa suna Almakashi. Shi kuma ya ce ya ji ya karɓa, tunda daga bakinta ya fito. Ya fara zuwa ƙofar gidan rediyon wai hanya ce ta biyo da shi, alhali unguwarsu ba ta nan take ba. Su yi faɗa a kan rediyo da intanet har bakin titi, ta hau mota tana cewa kada ya sake zuwa, gobe kuma ta fito tana waige-waige.

"Almakashi, kai ba ka gajiya da surutu?"

"In na yi shiru mutane wucewa suke, Sarauniya. A sana'armu shiru mutuwa ne."

"A tamu kuwa shiru magana ne."

Ana cikin haka ya saki guntun hirar, don jan hankali kafin cikakkiyar ta fito. Auta tana cikin motar haya ta ji muryar Babanta daga wayar wani fasinja: "Yaran nan ba su san komai ba." Shi ke nan. An datse. Sai kiɗa, sai fuskar Baba an daskarar da ita baki a buɗe.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Yaran da ba su kai jikokinsa ba suna kiransa tsohon hassada. Wasu suka ɗora muryarsa a kan bidiyon akuya. Masu kiran waya a shirin safe, da suka saba gaishe shi da girmamawa, yanzu sai wani ya kira ya ce, "Baba, mu da ba mu san komai ba muna gaisuwa," ya kashe yana dariya.

Manajan gidan rediyon kuwa, abin nema ya samu. Dama ya daɗe yana son ɗauke shirin safe ya sa na kiɗa da za a riƙa haskawa kai tsaye a intanet, kuma dama ya daɗe yana son Auta. Ya same ta a ɗakin sauti, turarensa ya riga shi shigowa.

"Kin ga irin mutanen da kike kulawa ko? Masu talla sun fara janyewa. Amma kada ki damu, in muka zama gida ɗaya, ai ba zan bari a taɓa kujerar surukina ba."

"Ranka ya daɗe, ka tsaya a kan wayata," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba.

A gida Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ajiye cokali ya ce, "Auta, na ji an ce yaron nan yana rako ki. Daga yau kada in sake ji. Wanda ya yanke mini magana a gaban duniya ba zai zauna mini a tabarma ba."

Umma ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Sarauniya, ɗauki wayata don Allah."

"Ban zaci abin zai kai haka ba. Amma ai shi ya faɗa, ban ƙara masa ko harafi ba."

Wannan na biyun ne ya tunzura ta. Washegari ta ja ƙanwar Umma suka hau benen da ɗakin aikinsa yake, a saman shagon masu gyaran waya. Ɗaki ne ƙarami, soso manne a bango, wayoyi a ƙasa kamar taliyar da ta zube. Ya miƙe da sauri har ya ture fitila.

"Shi ya faɗa ko?" in ji Auta. "Maƙaryaci! Azzalumi! Mutumin da ya karɓe ka hannu biyu!"

"Wallahi ban yi ƙarya ba. Zo ki gani." Ya buɗe kwamfuta ya nuna mata zanen sautin, layin nan mai tashi da sauka. "Kin ga nan? Ya yi magana. Kin ga nan kuma? Layi ya kwanta, ya gama. A nan na yanka."

Auta ta tsaya tana kallonsa. Ashe ma bai saurara ba! Da ido yake yanka magana, in ya ga layi ya kwanta sai ya sa almakashi ya wuce gaba.

"Zauna," ta ce. Ta cusa masa hedifon. "Rufe idonka. In ka buɗe, wallahi sai na fasa kwamfutar nan."

Ya rufe. Ta kunna. Ta ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa lokacin shirun, yana neman abin dannawa. Sannan ta ga sun tsaya cak. Da ya buɗe ido sun kaɗa sun yi ja.

"Cewa ya yi muna burge shi," ya faɗa da wata irin murya.

"Da. Yanzu kam ban sani ba."

Ya cire hedifon, sannan ya gaya mata sauran. Wani kamfanin haska shirye-shirye a intanet ya ga yadda guntun ya zagaya, har sun kira shi za su ba shi shiri nasa na kansa, ya riƙa haɗa tsofaffi da yara faɗa. Sun ce kada ya kuskura ya saki cikakkiyar hirar, za ta kashe wutar. Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan.

"To Allah ya sa alheri," in ji Auta. Ta ja hannun ƙanwar Umma. Sai da suka sauka daga benen ta bari hawayen suka zubo, don wallahi tana son ɗan banzan nan, kuma ta tsani hakan.

Da la'asar ya saki hirar gaba ɗayanta, da shirun da komai, ya rubuta a sama cewa shi ya yi kuskure, Baba bai zagi kowa ba. Kamfanin suka janye. Mabiyansa suka koma kansa da zagi. Kuma kamar yadda aka saba, waɗanda suka ga ƙaryar sun ninka waɗanda suka ga gyaran. Manaja ya sake tuntuɓar Auta, ta ce masa a kai kasuwa, a ƙarshen watan ya sauke shirin safe.

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne safiya. Baba zai yi wanka ya sa hula a daidai lokacin da ya saba fita, sai ya zauna a falo yana kallon bango.

Wata safiya aka yi sallama. Almakashi ne, da sabon makirfo a kwali. Baba ya ce a ce ba ya nan, da ƙarfi yadda zai ji. Ya tafi. Ya dawo washegari, ya sake dawowa. Ran da Baba ya gaji ya fito don ya kore shi da kansa, sai ya tarar da shi a durƙushe.

"Baba, ban zo neman yafiya ba, ban kai nan ba tukuna. Na buɗe maka tasha ne da sunan shirinka. Kai tsaye za a riƙa yi, ba wanda zai iya yanke maka ko tari. Ni riƙe fitila kawai zan yi."

"Wa zai saurari tsohon hassada?"

"Ni," in ji Umma daga bayan ƙofa. "Na gaji da ganinka kana gadin bango."

A falo aka fara, Auta a kan sauti, Almakashi a lungu da fitila, Baba ko gaisuwarsa ba ya amsawa. Masu sauraro ba su da yawa da farko, direbobi ne da masu shaguna da suka yi kewarsa, sai 'ya'yansu da suka saita musu wayar suka zauna su ma. Wani mai sayar da tabarau ya kawo talla. Baba ya fara dariya a shiri. Wata rana har ya ce, "Kai, matso da fitilar nan," Almakashi ya kusa faɗuwa don murna.

Bayan an daɗe ana haka, Almakashi ya turo mata saƙo.

"Sarauniya, in turo kawuna?"

"Ka turo. In an kore shi ba ruwana."

"Kina sona kuwa?"

"Ina jin haushinka kullum. Ban taɓa jin haushin wani haka ba. Ka gane sauran."

Kawun ya zo, shi kuma Almakashi ya rakuɓe a gefensa. Auta tana bayan labule, ta riƙe hannun Umma kamar za ta karya shi. Kawu ya yi bayani mai kyau ya kai aya. Baba ya gyara zama.

"Ba zan ba shi 'yata ba."

Ya yi shiru.

Kawu ya sauke numfashi, ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi..." ya fara tattara rigarsa zai miƙe. Ta kafar labule Auta ta ga Almakashi ya damƙe gefen rigar kawun ya mayar da shi zaune. Ya rufe idonsa. Sarkin surutu, wanda ke cewa shiru mutuwa ne, ya zauna gumi na bin wuyansa, bai ce uffan ba. Agogon bango ya yi ta tafiya. Baba yana kallonsa, yana ƙara jan shirun da gangan, don tsohon nan ma akwai mugunta.

"Ba zan ba shi ba," in ji Baba a ƙarshe, "sai ya yi mini alkawarin zai riƙa jiran ƙarshen maganarta kamar yadda ya jira tawa yanzu. Uwarta ma haka take, daɗin maganarta a ƙarshe yake."

Umma ta saki hannun Auta ta ce, "Ji tsohon nan!" tana share ido.

Aka ɗaura aure cikin 'yan uwa da masu sauraron shirin safe, har da direbobin da suka zo da motocinsu suka cika layin. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su fi iyayensu haƙuri da juna. Kowa ya ce amin.

Da aka watse, ango ya matso kusa da ita, wushiryar nan a waje.

"Sarauniyata, faɗa mini wata magana mai daɗi."

"Ka taka mini mayafi, Almakashi," in ji Auta.

Ya ɗaga ƙafarsa. Ya tsaya yana jira.