Motar Da Ba Ta Ƙara Kwanciya Ba

"Cire shi, Noemí."

Ban ɗago ba. Burushi na hannuna, ina jan siririn layin ruwan zinare a ƙofar motar 'yan sanda, kuma duk mai sana'ar fenti ya san ba a tsayawa a tsakiyar layi.

"Da ke nake magana!"

Sai da na kai ƙarshen ƙofar sannan na juyo. Yayana Rigo ne tsaye a bakin gareji, idonsa jawur. A bayansa Fidencio ne, mataimakinsa a ƙungiyarmu ta masu motoci, yana wani murmushi da ya sa na ji kamar in watsa masa gwangwanin fenti a fuska.

"Me zan cire, Yaya?"

"Tambarin ƙungiya. Daga motar Apá. Yau ɗin nan."



Tambarin nan farantin tagulla ne da ke tsaye a gilashin baya, an rubuta sunan ƙungiyar, Río Lento, a jikinsa. Ba sayensa ake yi ba. Ƙungiya ke ba ka, ita ke karɓewa, kuma Apá, wato mahaifinmu, shi ne ya zuba na farko da hannunsa. A kwarinmu na arewacin New Mexico, a karɓe maka tambari ya fi a mare ka a bakin coci.

"Saboda na yi wa mota fenti?"

"Saboda kin yi wa motarsu fenti! Da burushin Apá!"

Fidencio ya sa baki, "Ai ba motar kaɗai take shafa wa kwalliya ba, carnal, ɗan'uwana. Tambayi unguwa."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Sau uku ka nemi aurena, sau uku na ce a'a. Ko kana son ta huɗu a gaban mutane?"

Murmushin ya mutu a fuskarsa. Na ji daɗi a lokacin. Da na san abin da wannan maganar za ta haifa, da na haɗiye ta.

Ba zan ce Rigo ba shi da hujja ba. Ina shekara tara, shi yana sha huɗu, wata ranar Lahadi 'yan sanda suka tare mahaifinmu. Suka tura kwalin taba ƙarƙashin motar, ya ƙi shiga, suka ce ta yi ƙasa fiye da doka. Suka zaunar da shi a bakin titi da ankwa, muna kallo, motar janwe ta ja motarsa Impala da sarƙa, fentin shekara shida yana gogar kwalta. Daga ranar ya sa mata famfo da batura masu ɗaga ta da sauke ta, ya dasa makunni a ƙarƙashin sitiyari, ya koya mana abu ɗaya har ya mutu.

"Kun ga ɗan sanda, ɗaga mota."

Kowa a ƙungiyoyinmu na lowrider, wato motocin da ake saukarwa dab da ƙasa, haka ya tashi. Motarka tana jan ciki a ƙasa, ka hango jiniya, hannunka ya sauka kan makunni kafin ma kanka ya yi tunani. Mota ta tashi, ta zama ta kowa da kowa, su wuce.

Haka na yi wa Efraín, wani ɗan sanda, ranar da ya fara zuwa. Ina zaune a cikin motar Apá na hango kaki a bakin ƙofa, na danna, mota ta miƙe.

Ya tsaya yana kallo, sai ya yi wata dariya marar daɗi.

"Noemí, ni ne fa. Ɗan Doña Lupe mai sayar da abincin tamale. Tare muka yi makaranta."

"Na gane ka. Motar ce ba ta gane ka ba."

Ya ce ya shawo kan manyansa sun ba shi tsohuwar motar sintiri, yana so 'yan unguwa su mayar da ita lowrider, a riƙa fita da ita yawon Lahadi, ko yara sa daina gudu in sun ga kaki. Na ce masa ya haukace. Ya ce ya sani.

Abin da ya kama ni ƙaramin abu ne. Ya zagaya motar Apá sau biyu, hannuwansa a baya. Bai taɓa fentin ba, ko da ɗan yatsa. Ban taɓa ganin ɗan sandan da ya san ba a ɗora hannu a motar mutum ba.

Wata uku yana zuwa duk yamma, yana goge tsatsa, ina tsokanarsa da cewa hannun rubuta tara ne da shi, ba na aiki ba. Wata rana ya shigo ya tsaya cak.

"Kin bar ta a kwance..."

Na waiga. Motar Apá na shimfiɗe a ƙasa, ga shi da kakinsa a gabanta.

"Mantuwa ce."

"Allah ya ƙara miki irin wannan mantuwar, mi vida, rayuwata."

Ranar na san na shiga uku, don ina son shi, so mai tsanani.

Da Rigo ya tafi da tambarin, wurin mahaifiyata na nufa. Tana gasa koren barkono a bayan gida, hayaƙi na sa ta hawaye, ko kuma ta fake da hayaƙin ne.

"Amá, ki yi masa magana."

"Mija, 'yata, Efraín yaron kirki ne. Ni na riƙe shi ranar baftismarsa."

"To mene ne?"

"Rigar kakin fa? Shi za ki aura, amma rigar a ɗakinki za ta riƙa rataye. In an kira shi a kan ɗan'uwanki, wa zai amsa? Mijinki ko rigar?"

"Zai canza su, Amá."

Ta juya barkonon ba ta dube ni ba.

"Mutum ɗaya?"

Efraín bai jira na roƙe shi ba. Ranar taron ƙungiya ya zo da kansa, hula a hannu, ya tsaya a gaban maza ashirin da babu wanda ya ba shi kujera.

"Lahadi ta ƙarshen wata," ya ce. "Babban titi naku ne daga coci har gada. Ba mai tare ku, ba mai auna ku. Ku zo a kwance yadda iyayenku suka so su yi. Na ɗauki alkawari."

Rigo ya daɗe yana kallonsa.

"Alkawarinka ko na ofishinku?"

"Nawa. Da sa hannun shugabanmu."

"Kana son ƙanwata?"

"Fiye da raina."

"Bar ranka, ba shi na tambaya ba." Wasu suka yi dariya. "Ni zan ja gaba da koriyar motata, ƙasa-ƙasa, daga coci har gada. In na isa gada ba wanda ya kunna mini jiniya, zan mayar mata da tambarinta, in kai maka ita gaban limamin coci da hannuna. In kuwa aka kunna..."

"Ba za a kunna ba."

Na fito ina tsalle kamar yarinya. Ban lura Fidencio ya fice tun kafin a tashi ba.

Lahadin ta zo da rana mai kyau. Motoci sun fi sittin, ja da shuɗi da ruwan zuma, kowace tana jan ciki a hankali. Tsofaffi sun fito da kujeru bakin titi. Amá ma ta zo, da hoton Apá a ƙirjinta. Efraín na can gefe da motar da na yi wa fenti, yara sun yanyame ta, ya ɗago mini hannu, na ɗaga masa.

Rigo na gaba, ni ce ta biyu.

Saura kaɗan mu kai gada, har ina hango ƙarafanta, ya leƙo ta taga ya waigo ni yana dariya. Rabon da ya yi mini dariya tun kafin Efraín.

Sai jiniya.

Motoci biyu suka fito daga lungu suka tare shi. Ba 'yan garinmu ba ne, aro aka yi daga wata gunduma don taron. Wani matashi ya diro da bindiga a hannu yana ihu.

"Hannu sama! Hannu sama!"

Na ga kafaɗar Rigo ta sunkuya.

Na san abin da yake yi. Duk wanda ke kan titin nan ya sani. Hannunsa ne ya sauka ƙarƙashin sitiyari, inda ya saba sauka tun yana ɗan sha huɗu.

Efraín ya taho a guje yana ture mutane, muryarsa na tsagewa.

"Makunni ne! Kada ka harba! Makunni ne!"

Sau uku na ji ƙarar bindigar.

Sannan titi ya yi tsit, ba abin da ake ji sai kukan famfo. Rigo ya kife a kan makunnin, koriyar motar tana tashi a hankali, a hankali, har ta kai tsayin da doka ke so.

"Yaya!!"

Ban san yadda na isa wurin ba. Efraín ne ya ciro shi, jini ya jiƙe masa kaki, yana danna ƙirjinsa yana cewa, "Rigo, dube ni, carnal, dube ni..."

Bai dube shi ba. Bai ƙara duban kowa ba.

A wurin bincike suka kunna mana kiran da aka yi musu da safiyar ranar. Wani ya ce akwai bindiga a koriyar motar da za ta ja gaba. Kalma huɗu na ji na gane muryar. Fidencio bai ma musa ba da na tare shi. Kuka ya fashe da shi.

"Bincike kawai na so su yi, Noemí! Su kunyata ɗan sandan nan, a fasa auren! Wallahi ban..."

Na tofa masa yawu. Kafin sati ya bar garin.

Efraín ya faɗi gaskiya a gaban kwamiti. Ya ce babu bindiga, ya ce ya yi ihu, ya ce duk wanda ya yi wata ɗaya a kwarin nan ya san abin da ke ƙarƙashin sitiyarin. Suka saurare shi, suka gode masa, suka rubuta cewa matashin ya ji tsoro ne don ransa. Shi ke nan. Abokan aikinsa suka daina cin abinci da shi. Unguwa kuwa ko sunansa ba a ambata. Motar da na yi wata uku ina yi wa fenti aka tura ta bayan ofishi aka rufe da tamfol.

Ranar jana'iza motoci sittin suka raka Rigo, duka a ɗage. Ba wanda ya ce a yi hakan.

Ƙungiya ta dawo mini da tambarin. Amá ce ta miƙo mini shi a naɗe cikin rigar Rigo, ba ta ce mini "na faɗa miki" ba. Na so a ce ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Ranar da aka gama addu'ar kwana tara, da la'asar, na shiga gareji na zauna a motar Apá. Na sauke ta ƙasa, ni kaɗai, ƙofa a buɗe.

Sai ga shi tafe. A ƙafa, da farar riga irin ta kowa, ya rame har na tausaya masa.

Ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa a baya kamar ranar farko.

"Noemí..."

"Ka ajiye aikin?"

Ya girgiza kai.

"Na rubuta takardar sau biyu, na yaga. In na fita, wa zai faɗa wa na gaba cewa makunni ne?"

"Ka faɗa wa wancan. Ya ji?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce,

"Ban zo in ce ki yafe ba. Na yi alkawarin da ya fi ƙarfina, na sani. Na zo ne in ji ko akwai sauran wani abu... ko kaɗan ne, mi vida. Zan jira. Shekara goma ma zan jira."

Allah ya sani akwai. Yana nan bai rage ba, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai. Na so in fito in rungume shi, in ce ba laifinsa ba ne, don ba laifinsa ba ne. Na buɗe baki zan kira sunansa.

Ya ɗaga ƙafa ya tako ciki, taku ɗaya.

Sai na ji kukan famfo.

Na dubi ƙasa. Hannuna ne a kan makunnin. Ban aike shi ba, na rantse ban aike shi ba.

Motar ta tashi da ni a hankali, yana tsaye yana kallo, har fuskata ta zo daidai da tasa.

"Efraín, ban yi niyya..."

"Na sani," ya ce a hankali. "Shi ma bai yi niyya ba."

Ya share ido da bayan hannu, ya juya. Na bi shi da kallo har ya sha kwanar gidan Doña Lupe, ban kira shi ba, shi ma bai waigo ba.

Shekara huɗu ke nan. Yana nan yana aikinsa, ina nan ina fenti. Duk Lahadi nakan wanke motar Apá, in goge tambarin har ya yi ƙyalli.

Ban ƙara kwantar da ita ba.