Kiran Maruƙa

Hassada nake so in ja muku kunne a kanta, 'yan mata, domin na ga abin da ta yi a rugar Bappayo, can kan hanyar Shira.

Bara'atu, autar Bappayo, ita ke kiwon maruƙan da iyayensu suka mutu a damina. Kafin ta ajiye musu kunun dusa da madara, sai ta ƙwanƙwasa ƙwarya a hankali, ta rera sunayensu ɗaya bayan ɗaya, muryarta na bin iskar la'asar. Ran nan tana cikin haka ta ji an ce daga bayanta:

"Don Allah ki maimaita..."

Zainulabideen ne, matashin likitan dabbobi da ke zuwa daga Azare. Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

"Likita, ba kai nake kira ba."

"Na sani. Amma dubi bakinsu, yawu ke zuba tun ba su ga ƙwaryar ba. Akwai jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka ciki, wurin wata 'yar tsoka da ke kwance kusa da hanji. Muryarki suke ji, jijiyar ta tashe ta, ita kuma ta sako ruwan narka abinci. A makaranta, a jikin 'ya'yan alade muka karanta shi."

"A'uzubillahi! Maruƙan nawa kake haɗawa da alade?"

"Tuba nake, ranki ya daɗe. Ni ma fa da na ji kiran nan..." Ya dafa ƙirjinsa, bai ƙarasa ba.

Ta gudu tana dariya. Yinin nan har ta zuba gishiri a fura ba ta sani ba.

Ashe Saliha, 'yar ƙanen Bappayo da ya riƙa tun tana goye, tana bayan danga tana ji. Ita ma likitan take so. Ta je ta ce wa Bappayo wai Bara'atu na keɓewa da ɗan birni a bayan garke. Tsoho bai bincika ba, ya tura 'yarsa Hardawa wurin gwaggonta, kiwo ya koma hannun Saliha.

A Hardawa Bara'atu ba ta da aiki sai kallon hanya. Kowace la'asar takan tsinci yatsunta suna ƙwanƙwasa tasa, bakinta na kiran maruƙanta Wule da Saige a ɓoye, suna na uku kuma, na likita, sai a zuci take kiransa.

Saliha kuwa kwalliya ce gabanta. Ta dangwarar da ƙwarya, ta daka tsawa, wanda ya matso da wuri ta zabga masa sanda kada ya ɓata mata zane. Maruƙa suka riƙa sha a firgice. Zawo ya kama su, haƙarƙari ya fito.

Da likita ya zo, ya duba kashinsu, ya tsaya har aka ba su abinci a gabansa. Sannan ya durƙusa gaban Bappayo.

"Baffa, zan ba su magani, amma ba shi kaɗai ba ne. Dabbar da ke cikin tsoro, cikinta ba ya sakin ruwan narkewa yadda ya kamata. Ina mai kiransu?"

"Saboda kai na kore ta."

"Saboda ni? Wallahi ban taɓa yi mata magana ba sai a fili, makiyayanka na kallo. Kuma tun makon jiya na roƙi kawuna ya zo neman aurenta."

Bappayo ya juya ya dubi Saliha. Ta kasa ɗago ido.

Da kansa ya je Hardawa ya dawo da 'yarsa. Bara'atu ko mayafin tafiya ba ta cire ba ta ɗauki ƙwarya. Ta fara kira... kunnuwa suka miƙe, suka taho suna tangaɗi, suna cusa hanci a tafinta.

"Sannu da dawowa, hasken idona," in ji Zainulabideen ƙasa-ƙasa.

"Ka rame, Likita."

"Ni ma ba a kira ni ba."

Bayan girbi aka ɗaura aure, aka kai amarya Azare.

Saliha fa? Cikin maruƙan akwai tata, jikar saniyar da marigayi mahaifinta ya bar mata, ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ita kaɗai ba ta tashi ba. Ta rasa maraƙar gadonta. Ta rasa yardar Baffan da ya raine ta. Ta rasa 'yar'uwar da suke kwana kan tabarma ɗaya. Likitan kuwa, da ma ko sunanta bai riƙe ba.