Kwanon Malam Isyaku

Ranar da Lukumanu ya fara ganin Ummulkhair, ba soyayya ce ta kai shi ba. Mahaifinsa Malam Isyaku ya riƙo tun daga Rogo Sabon Gari har wani wurin ɗaukar hoton jiki a Kano, saboda tarin jini da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wata huɗu tsohon yana shan maganin tibi, sai ƙara ramewa yake.

Ita ce mai ɗaukar hoton. Ta shigar da tsohon cikin na'urar, ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta fito.

"Baba, ku yi haƙuri, ku juya rub da ciki mu sake."

"Na farkon bai fito ba ne, Likita?" in ji Lukumanu, wanda tun shigowarsu idonsa ya ƙi barin fuskarta.

"Ni ba likita ba ce. Wani abu nake so mu ga ko zai motsa."

Ya kuwa motsa. A saman huhun dama akwai wani tsohon kogo, a cikinsa wani dunƙule kamar curin fura, iska ta zagaye shi ta sama. Da aka kifa tsohon, sai dunƙulen ya gangara ɗaya gefen. Likita ya duba, ya haɗa da gwajin kaki da na jini, ya ce yanzu babu tibi. Funfuna ce, irin wadda ke kama gyaɗa in ta sha danshi a rumbu, ta samu kogo ta yi gida. Ba a ɗaukar ta daga jikin wani, kuma maganinta daban.

"Amma kogon nan tsohon tibi ne ya bar shi, Baba," in ji likita.

Malam Isyaku ya sunkuyar da kai. Shekara ashirin da suka wuce ya yi jinyarsa a ɓoye, ya ce wa gari ci-rani ya tafi. Ko matarsa Hajo ba ta sani ba. Da ya ji Ummulkhair 'yar Ƙaraye ce, sai hankalinsa ya tashi.

"'Yata, Ƙaraye da Rogo ai gida ɗaya ne. Amana na ba ki, kada kowa ya ji."

"In sha Allahu, Baba."

Daga nan Lukumanu, malamin firamare mai kunya, ya zama gwanin ƙirƙiro tambayoyi. Yau a sha maganin kafin abinci ko bayansa, gobe tarin ya ragu, jibi babu ma dalili.

"Likitata," ya rubuto mata, "ni ma ƙirjina akwai abin da ke motsi. Yaushe za a ɗauke ni hoto?"

"Malamina, naka ba ya buƙatar na'ura. Ka je Ƙaraye ka gaida Babana."

Babanta, Malam Ɗalhatu, magatakarda ne a ofishin hakimi, mutum ne da ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta sau biyu. Ya karɓi gaisuwa, sannan ya tura bincike Rogo kamar yadda aka saba. Sai dai wanda ya tura Ashiru ne, ɗan ƙanwarsa, wanda ya daɗe yana yi wa Ummulkhair kallon tasa. Kwana biyu ya dawo da labari: gidan masu tibi ne, uban yaron jini yake tofarwa. Nan take Malam Ɗalhatu ya aika a dakatar da magana.

Washegari da hantsi saƙon Lukumanu ya shigo.

"Mu huɗu muka ga hoton nan: ni, Baba, likita, da ke. Likita bai san hanyar Ƙaraye ba. In ba kya so na, ai sai ki faɗa min, ba sai kin tozarta tsohona ba. Allah ya isa."

Ta karanta har sau uku. Ko tambayarta bai yi ba. Mutumin da ya ce ya san ta kamar tafin hannunsa, minti ɗaya ya ishe shi ya yanke mata hukunci. Wannan ya fi ƙin Babanta ciwo.

Kuma ga gaskiyar a bakinta. Da za ta ce wa Babanta funfuna ce, da ya tambayi yadda aka yi kogon, shi ke nan asirin tsoho ya tonu. Sau uku Malam Ɗalhatu yana kiran ta.

"Ke kika ɗauke shi hoto. Me kika gani?"

"Baba, amana ce."

"Ko da aurenki zai tafi a kanta?"

Ta ƙi faɗa, hawaye na zuba. Ga Lukumanu kuwa layi ɗaya ta mayar: "Ban faɗa ba. Kada ka sake kira na."

A Rogo, Hajo ce ta warware komai ba tare da ta sani ba. Tun farkon tarin ta ware wa maigidanta kwano da kofi, ta ɗiga musu jan fenti. Shi kuma ya bar su haka, don bayani zai ja bayani. Ranar nan tana kawo tuwo sai ta ce, "Ni kuwa baƙon nan na Ƙaraye da ya ce gyaɗa zai saya, ya cika tambaya. Har sai da ya ce kwanon waye mai jan fenti, na ce na mai tari ne."

Lomar da ke hannun Lukumanu ta faɗi. Malam Isyaku ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya zaunar da Hajo ya gaya mata labarin ci-ranin da bai je ba.

Da safe ya ɗauki ambulan ɗin hoton da kwanon, suka hau mota zuwa Ƙaraye. A zaure, bayan an gaisa har an gaji, ya faɗi komai da bakinsa, ya ce a kira Ummulkhair, wadda ta zo gida hutu.

"'Yata, na sauke miki amanar. Nuna wa mahaifinki."

Ta ɗaga hotuna biyun a hasken ƙofa, ta nuna kogon, ta nuna inda dunƙulen yake a na farko da inda ya koma a na biyu. Malam Ɗalhatu ya karanta takardar likita sau biyu.

Lukumanu ya tare ta a soro na ciki, ya durƙusa.

"Khairi, na zalunce ki."

"Ka zalunce ni," ta ce. "Babanka da na kifa shi sau ɗaya ya yarda da ni. Kai ko sake dubawa ba ka yi ba."

Wata biyu ta bar saƙonninsa ba amsa, kuma ni ban ga laifinta ba. Sai ranar da ya rubuto, "Na janye Allah ya isa a gaban iyayenki da nawa, saura ke," ta amsa da cewa, "Ka turo magabatanka, Malamina."

Bayan girbin gyaɗa aka ɗaura aure a Ƙaraye. Ashiru ya zo ya tsaya can baya. Da aka kawo abinci, Malam Ɗalhatu ya ce a miƙo masa kwanon nan mai jan fenti, wanda tun ranar yake ajiye a zaurensa. Aka zuba shinkafa, ya matsa kusa da Malam Isyaku a gaban mutanen Rogo da na Ƙaraye, ya naɗe hannun riga.

"Bismillah, surukina. Allah ya ba su zaman lafiya."

Suka sa hannu tare.