Fasinjar da Ba a Sallama Ba

Ku matso. Ke Lantana, bar taunar gyaɗar nan, ba na ba da labari ana ƙaras-ƙaras a kunnena.

Kun san Kawu Barmo mai gyaran jirage, wanda ba ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa? To, ku ji dalili.

Wansa ya yi doguwar tafiya a kogi, har can ƙasar Mali, cikin jirgin katako mai tafiya da iska, irin wanda ake ɗaura wa ɗinkakkun buhuna a jikin gora. Ya dawo da zazzaɓi, bai kwana biyu ba ya rasu. Jirgin ya zauna cikin ciyawar bakin ruwa, gansakuka ta cinye shi.

Da Kawu ya tashi gyara, ya tara maza suka ja shi tudu. A al'adar masunta, jirgin da ya yi nisa ba a fitar da shi daga ruwa sai an bugi gefensa an ce, "An iso, mai sauka ya sauka." Wani tsoho ya tuna masa. Kawu, da bakinsa kamar reza, ya ce, "Wa zai sauka? Kwaɗi?"

Suka kife jirgin, suka tokare gefe guda da kututture.

Ranar Juma'a da tsakar rana, gari ya tafi masallaci. Kawu ya ce bari ya ƙarasa tukuna. Ya rarrafa ƙarƙashi da auduga da kwalta da gorar ruwansa, yana toshe tsagogi ɗaya bayan ɗaya. Yana toshe na ƙarshe, kututturen ya zame.

Duhu. Ya tura da kafaɗa, ko gezau. Ya yi kira, muryarsa ta dawo masa. Ya tona ƙasa, ta bushe kamar dutse. Kuma duk ƙofar da iska za ta shigo, shi da hannunsa ya liƙe ta. 

Sai ɗigon ruwa ya sauka a wuyansa. Mai sanyi.

"Mai jirgi, ba mu iso ba?"

Ya ƙyasta ashana. Wata tsohuwa ce zaune a bencin baya. Ku tuna jirgin a kife yake. Kanta na ƙasa, tafin ƙafarta na manne da katakon sama, amma ko gefen mayafinta bai zazzago ba. Ruwa na tsiyaya daga yatsun ƙafarta. Ashanar ta mutu.

"Tun Mali na shigo," in ji ta. "Wan naka bai sallame ni ba. Kai ma ba ka sallame ni ba."

"Baba, ki yi haƙuri. Numfashina."

"Ba mai fita sai fasinja ya sauka."

Kawu ya bugi katako da tafin hannu. Da ƙyar maganar ta fito. "An iso. Mai sauka ya sauka."

Ya ji numfashinta dab da goshinsa, yana warin laka.

"A tudu?" in ji ta. "A ruwa na shiga."

Kansa ya fara juyawa. Ya lalubo gorar nan, ya tuttule ruwan a ƙasa, bai rage ko na kurɓa ba. Ya ji wani abu ya zame ta gefen kunnensa, tsulum, kamar kifi ya faɗa randa.

Ƙasar ta jiƙe ta zama taɓo. Da farce ya tona, ya fito da rarrafe, mutane na dawowa daga salla suka same shi kwance yana haki.

Jirgin ya gyaru, har gobe bai taɓa yoyo ba. Sai dai wurin da ya zuba ruwan bai sake bushewa ba, ko a tsakiyar bazara.

Eh, Lantana, shi ne ɗan kududdufin bayan rumfar Kawu, inda na gan ki jiya ke kaɗai kina wanke ƙafa. Kada ki kuma. Tsohuwar ta sauka, amma ba wanda ya mayar da ita kogi.