Lasisin Marigayi

"Cire rigar nan, Auta!"

Ya tsaya a ƙofar ɗakin duba marasa lafiya, hannunsa a kan maɓallin farar rigar. Ta mijina ce, har tabon biron da ke aljihunta yana nan.

"Haba matarmu, rage murya mana... Umma na zaune a waje."

"Ta ji! Mutumin nan ya rasu, ku bar shi ya huta!"

Mijina likitan gaggawa ne, shi ya buɗe ɗan asibitin nan. Da lasisinsa da takardun ƙwarewarsa hukumar inshorar lafiya ta gwamnati ta saka mu cikin asibitocinta. Da ya rasu a hatsarin mota, surukata Umma ta hana a sanar da hukuma. In babu likita babu inshora, in babu inshora talakan unguwa bai da wurin zuwa.

Sai ta ɗauko ƙaninsa, Auta, wanda nas ne, ta sa masa rigar. Kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Kowa a unguwar ya je gaisuwar mutuwa, amma kowa zai miƙo mini katin inshorarsa a teburin karɓar baƙi, ya dubi Auta ido cikin ido ya ce, "Sannu Likita." Ba wanda ya taɓa yin ko murmushi.

Da farko na ɗauka dabara ce kawai Umma take yi. Sai na ga tana fesa masa turaren marigayi da hannunta. Rannan kuma na ji tana tambayarsa, "Ina ƙaninka ya shige ne kwana biyu?"

Wata rana da azahar aka ɗauke wuta. Ba kowa a kan benci, fanka ta tsaya, dogon barandan nan marar taga ya yi duhu. Sai na ji taku daga can ƙarshe, ana ɗan jan ƙafar hagu. Sannan gyaran murya, sau biyu a jere. Mutum ɗaya na sani mai wannan tafiyar. Shi kuwa yana kabari.

"Ni ne fa," in ji Auta.

"Yaushe ka fara jan ƙafa?"

Ya dubi ƙafarsa, fuskarsa ta canja. "Wallahi ban sani ba..."

Ya zauna a bencin da ke fuskantata. Shi ne mai kai 'yata makaranta tun bayan rasuwar, shi ne ya fara ba ni dariya a lokacin da na ɗauka na gama dariya a duniya.

"Ina son ki," ya ce a hankali. "Kin sani. Ba da wasan ƙanin miji nake faɗa ba, abar ƙaunata."

Hawaye suka zubo mini. "Wa yake magana a cikinku? Kai ne ko shi?"

A daidai lokacin aka banko ƙofa.

Mai gyaran wuta ne, ya faɗo daga kan sandar wutar lantarki. Maza biyu na ɗauke da shi, matarsa na biye ba ko takalmi. Ƙirjinsa gefe ɗaya ne ke ɗagawa, leɓɓansa sun fara yin duhu.

Matar ta zube ta riƙe ƙafar Auta. "Likita, ka rufa mini asiri! Ga katinmu... ga shi nan!"

Na san aikin. Sai an huda ƙirjin an zura bututu, iskar da ta danne huhun ta fita. Na sha ganin mijina yana yi ko gezau. Auta kuwa ɗinki da allura ya iya.

Umma ta shigo da farantin kayan aiki, fuskarta a sake, har da murmushi. "Yi masa irin wanda ka yi wa direban nan, ɗan albarka. Ai hannunka ya saba." Alhali marigayi ne ya yi wa wannan direban aiki, ba Auta ba.

Auta ya ɗauki wuƙar tiyata. Ya karkata kai gefe ya lumshe ido ɗaya, yadda marigayi yake yi sak. Na rantse a wannan ɗan lokacin ban san wanda ke tsaye a gabana ba.

Sai wuƙar ta faɗi a farantin, ƙararta ta cika ɗakin.

"Ni ba likita ba ne!" in ji shi. "Likita ya rasu, Umma! Ni Auta ne. In na huda shi kashe shi zan yi!"

Maza biyun suka sunkuyar da kai.

"Ku kama mini shi mu sa a mota!" ya daka musu tsawa, sannan ya juyo gare ni. "Ke, ɗauko tulun iskar nan!"

Ni na riƙe abin numfashi a bayan mota, Auta ya ja motar kamar zai tashi sama. A babban asibiti wata likita ta karɓi mai gyaran wutar tun a bakin ƙofa, ta ce da mun ƙara jinkiri da sai gawa. Da ta tambayi likitan da ya turo shi, Auta ya faɗa mata gaskiya kaf.

Hukuma ta cire mu daga inshora, ta garƙame asibitin, ta dakatar da Auta daga aikin nas. Mai gyaran wuta ya warke, amma rabin unguwa suka daina amsa gaisuwarmu. Ban ga laifinsu ba, yanzu sai sun hau mota biyu kafin katinsu ya yi aiki.

Umma ta kulle kanta a ɗaki, ko ruwa sai na lallashe ta. Da ta buɗe ƙofa wata safiya, ta rame ƙwarai. Ta daɗe tana kallon ɗanta.

"Auta..." ta ce. "Wa ya yi wa yayanka wanka?"

"Ni ne, Umma."

Ta fashe da kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Muka rungume ta, mu ma muna yi. Da ta lafa sai ta kama hannuna ta riƙe gam.

"Na rasa ɗaya, na so in binne ɗayan da ransa. Ki yafe mini, 'yata. In kina son sa, ga shi nan, ba aiki gare shi ba, ba komai."

Na ɗago na dube shi. Idanunsa sun yi ja, hancinsa na zuba kamar na ƙaramin yaro, yana jiran abin da zan ce.

"Ina son sa a haka, Umma," na ce.