Takun da Na'ura Ba Ta Ji Ba

Da dare muke auna motsin ƙasa a hamadar Nevada, lokacin da manyan motoci suka ɗauke ƙafa. Na binne na'urorin sauraro, ina kallon layin da ke nuna motsin a allon kwamfuta, sai ga wani dattijo da hular mahaƙa ma'adinai.

"Baiwar Allah, kwashe wayoyinki. Kina damun na kwance a ƙasa."

"Ba inda za ni, Baba. Digirin ɗalibata Marisol ya rataya a kan awon nan. Tunda ka zo, buga ƙafa mu gwada na'urar."

Ya buga sau uku, ina jin ƙarar takalminsa. Layin allon ko gezau.

Na buga tawa, layin ya yi tsalle.

Na gyara zama.

"To, kai ba ka ɓata awo. Yi ta tsayuwarka."